Ƙwaryar Inna Hajo

Ba ta kai nauyin damin kara ba. Abin da ya fara faɗo wa Arzika a rai ke nan sa'ad da ya ɗago surukarsa daga ƙasa, a gindin tsamiyar da ake rabon kunu. Tun da ya auri 'yarta bai taɓa kallon fuskarta ba, balle ya taɓa jikinta. Yau ga ta a hannunsa, kai ya langaɓe, idanu sun faɗa, kunun da ya zuba mata ya malale a ƙasa, kaji sun yi caa a kai.

Shekarar yunwa ce, wadda ruwa ya yi yawa har gero ya ƙi ido. Mutane suka yi ta ƙetaro iyaka daga ƙasar da Faransa ke mulka, su bi ta Magama su shigo Jibiya da ƙore a ka, don sun ji motoci na kawo garin kwaki daga Kudu. A cikinsu Inna Hajo ta zo, ta sauka gidan 'yarta Abu, matar Arzika.

Ana raba wa gidaje garin da mudu. Amma Malam Lawal, malamin asibiti, ya ga ƙafafun tsofaffi na kumbura, ya ce kwaki cika ciki kawai yake yi, ba ya riƙe jiki. Sai aka girka babbar tukunya a ƙofar asibitin, kowace hantsi a dama kunun gyaɗa da madarar gari, na tsofaffi zalla. Da farko kowa kan tafi da nasa gida, sai aka gane jikoki ke shanyewa. Arzika ne da bakinsa ya kawo shawara cewa duk wanda aka zuba wa, ya zauna ya sha a nan. Aka yaba masa, aka damƙa masa ludayin rabo.

Ya riƙe aikin da alfahari. Inna Hajo kuwa da ƙwaryarta yake gane ta, wata tsohuwa mai ɗinki a baki. Da ya ga ɗinkin nan sai ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya gaishe ta, ya nutsa ludayi can ƙasan tukunya inda kauri yake, ya cika mata taf. Daga nan ya kau da fuska daga sashen da take zama har a watse. Kullum ƙwaryar kan dawo gida a suɗe, shi kuma zuciyarsa fes.

Yanzu ya shimfiɗe ta a inuwar asibiti. Malam Lawal ya danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya loɓa, ya ƙi tasowa.

"Matar nan ta daɗe rabonta da abincin kirki," in ji shi.

"Malam, ni nake zuba mata. Da hannuna. Babu wanda nake cika wa kamarta."

"Ban ce ba ka zuba ba. Na ce ba ta sha ba."

Wani tsoho ya yi gyaran murya a bayansu. Nagoggo ne, makaɗin bikin aure a dā, wanda kullum yake zama kusa da ita a layi. Sai yanzu Arzika ya lura duk cikin tsofaffin shi kaɗai kumatunsa suka ciko.

"Ni ke sha," in ji Nagoggo.

"Kai, Baba?" in ji Arzika.

"Tun ranar farko. Ta turo mini ƙwarya da ƙafa, na ce don mi, ta nuna ka da haɓa. To ni ba surukina ba ne kai, sai in bar kunu ya huce?" Ya sosa ƙeya, muryarsa ta yi ƙasa. "Na zaci tana ci a gida, wallahi. A gaban mijin ɗiyarta za ta buɗe baki ta kurɓi kunu? Kai ma ka san ba ta yi."

Ya sani.  Babu yaron da ya tashi a ƙasar nan bai san haka ba. Shi ya kafa dokar a sha a nan, shi ya tsaya a kan tukunya, shi ya kau da kai don girmamawa, bai taɓa haɗa ukun a ransa ba.

Abu ta iso da gudu, mayafi a hannu, ta zube kusa da uwarta. Da ta ji bayani sai ta dafe ƙirji.

"Amma kullum in na kai mata gari da la'asar sai ta ture wa yara, ta ce ta ƙoshi a asibiti. Ɗan ganyen tafasa kawai take tsakura."

"Ba ki tambaye ta ba?" in ji Malam Lawal.

"Ni ce ta fari, Malam. Ko sunana ba ta faɗa. Ina zan tsare ta da tambaya?"

Malamin ya juyo ga Arzika. "Kai fa? Tana gabanka kowace safiya. Me ya hana ka dubawa?"

"Surukata ce," in ji Arzika. Ya ji maganar ta fito daga bakinsa, ya ji ta faɗi ƙasa ba ta da nauyi.

Aka yayyafa wa tsohuwar ruwa, ta buɗe ido a hankali. Da ta ga wanda ke durƙushe a gefenta, sai hannun nan da ya kasa riƙe ƙwarya ya lalubo mayafi, ya ja shi ya rufe fuska. Abu ta ɗebo sabon kunu ta kai mata baki. Ta datse leɓe, ta juya kai.

"Inna, don Allah," in ji Abu, tana kuka.

Nagoggo ya zunguri Arzika da sandarsa. "Tashi mana, ɗan nan. Kai ne ciwon."

Arzika ya miƙe. Karo na farko ya dubi layin tsofaffin fuska da fuska, ba ƙwarya da ƙwarya ba. Can ƙarshe ya hangi wani dattijo ya ba tukunya baya, kununsa ya huce har ya yi yana a gabansa, bai taɓa ba. Surukin Ahmadu ne, Ahmadun da ke iza wutar kunun.

Ya ajiye ludayin rabo a hannun Malam Lawal. "A kafa musu zana, Malam. Kuma a nemo wanda ba ya aure a garin nan ya riƙa rabon." Ya kama hannun Ahmadu, suka zaga bayan asibitin, suka tsaya suna fuskantar bango kamar masu laifi.

 Arzika ya kasa kunne, ba ya jin komai sai kukan kaji. Wuyansa na son juyawa, ya hana shi.

"Baba Nagoggo," ya kira daga bayan bangon. "Tana sha?"



"Kai dai tsaya inda kake," in ji tsohon. "Yau kam ko ludayi ɗaya ban samu ba."

Arzika ya jingina goshinsa da bango, bai juyo ba.