Makullin Kabad Yana Hannun Sista

Shekara uku Zuwaira ta yi tana aikin nas a ɗakin mata na asibiti, amma ba a taɓa kawo mata maras lafiyar da ta tsaya mata a rai kamar Hajara ba. Matar wani akawu ce daga Unguwar Kanawa, sankara ta cinye mata nono har ta gangara hammata. Likita ya duba ya girgiza kai, ya ce sai dai a rage mata zafi.

Allurar rage zafin kuwa tana cikin kabad, makullin yana ɗamarar Sista Baturiya, babbar nas ɗin ɗakin.

Ran nan da azahar ciwon ya taso. Hajara ta damƙi hannun Zuwaira tana salati, gumi ya jiƙa matashin kai. Sista ta tafi cin abinci.

Mero, yayar Hajara, ta miƙe daga tabarma. "Ke 'yar nan, ba ki da tausayi ne? Maganin yana nan, kin tsaya kina kallonta!"

"Yaya, wallahi ba ni da makulli."

"To amfanin farin kayan nan da kika sa fa?"

Zuwaira ta fita cikin yayyafi da gudu har gidan Sista. Kukunta ya tare ƙofa, ya ce uwargida tana kan tebur, ba a shiga. Ta roƙe shi, ta yi masa tsawa, ta sake roƙo. Sai da aka kwashe kwanuka sannan Sista ta fito, tana tambayar wa ya ba ta izinin barin ɗaki.

Ko da suka iso, gado wayam. Mijin ya zo da motar aro sun ɗauke ta, wai gara ta cika a ɗakinta da a bar ta tana ihu a hannun baƙi.

"Canza zanen gadon," in ji Sista. "Akwai wata tana jira."

Zuwaira ta fizge zanen har ya yage. Ta shiga bayan ɗakin wanki ta yi kukan da ita kanta ba ta san na baƙin ciki ne ko na haushi ba.

Ranar Juma'a Hajara ta rasu. Zuwaira ta je gaisuwa, Mero ta amsa mata a daƙile, ko ruwa ba ta ce a kawo mata ba. Zuwaira ta yi addu'arta, ta sa takalmi, ta koma asibiti, don la'asar ɗin ita ke da aiki.