Tayar Baya a Gaba

Stanley mai faci ya gaya mini, har sau biyu. Shi ɗan Ibo ne haifaffen Kafanchan, ya shekara ashirin yana gyaran taya kusa da tsohuwar tashar jirgi, ni kuwa wata takwas kacal da sayen mashin. Amma ni Azariya, in na sa abu a kaina, ko fasto sai ya gaji.

Tayar gaba ce ta suɗe. Na ga samari suna sa ƙatuwar tayar baya mai manyan haƙora a gaba, mashin ya tsaya kamar bijimi, na ce ni ma ita nake so.

"Oga Azariya, wannan taya na baya ne," in ji Stanley. "Zai shiga wili, amma duba nan. Tsakanin shi da murfin taya ko yatsa ba ya wucewa. Kwalta ba wahala. Ranan da ka shiga laka, zai cika wurin, taya ya tsaya."

Na ce masa a gonar citta aka haife ni, ba shi zai koya mini laka ba. Ya ɗaga kafaɗa ya sa mini.

Matata Jacinta tana gefe riƙe da buhun fulawa, ta ji komai. Hankalinta na kan Asabar. Wata shida ta yi tana koyon yin kek, kuma ranar ce za ta kai kek ɗin biki na farko da aka ba ta aikinsa. Mama Augustina, shugabar Zumuntar Mata a wata coci bayan Madakiya, ita ke aurar da 'yarta. In kek ɗin ya yi kyau, duk matan zumunta wurin Jacinta za su riƙa zuwa. In ya ɓaci, su ɗin ne za su kai labari har Zonkwa.

Kwana biyu ta yi a kansa. Hawa uku, fari tas, da furanni ruwan hoda da ta matsa ɗaya bayan ɗaya. Ran Asabar da safe ta hau bayana, kwalin a kan cinyarta.

"Baban Yemima, an yi ruwa jiya. Ko mu nemi mota?"

Na ce da wannan tayar ai mun fi mota.

A kwalta kam mashin ya tafi lafiya, sai dai kan ya yi nauyi a kwana. Da muka sauka hanyar ƙauye, jar laka ta fara mannewa. Na ji wata ƙara ƙasa-ƙasa, taya na gogar murfi. Na ji ta sarai. In na tsaya na kankare, na yarda ke nan Stanley ya yi gaskiya, kuma a gaban matata. Sai na ƙara wuta.

A gangaren rafi tayar ta tsaya cak. Ban taɓa birki ba. Muka zube gefe, ni a cikin ciyawa, Jacinta a kan gwiwa, kwalin ya kife a taɓo. Ba wanda ya ji ciwo sai ƙujewa. Ta buɗe kwalin ta duba, ta rufe. Ta tsaya tana kallona ina tono laka daga ƙarƙashin murfin da tsinke, dunƙule bayan dunƙule.

Mun isa ana gwada ganguna. Mama Augustina ta taro mu a bakin coci da ɗaurin kallabinta na biki, mata huɗu a bayanta. Ta ɗaga murfin kwalin. Hawa ukun sun koma ɗaya, furannin sun cakuɗe da jar ƙasa.

"Yesu. Jacinta, mene ne wannan? Me zan sa a gaban baƙi?"

Maganar tana bakina. Kalma biyar ce ko shida: ni ne, Mama, taurin kaina. Na dubi matan, na ga maza biyu sun matso suna yaba ƙatuwar tayata, sai na haɗiye ta.

Jacinta ta durƙusa a kan gwiwar da ta ƙuje.

"Mama, ki gafarce ni. Ni na motsa a baya ina gyara kwali, na sa muka faɗi."

Ɗaya daga cikin matan ta yi tsaki ta ce da ma ta faɗa a ba wa Lucy ta Zonkwa, wadda ta san aiki. Sauran suka gyaɗa kai. Ina tsaye, kunya ta rufe ni har ina jin zufa a tafin ƙafa, kuma duk da haka ban buɗe baki ba.

Mama Augustina ta juyo ta ga laka a rigata da jini a gwiwar hannuna. Ta dafa kafaɗata.

"Sannu, ɗana," ta ce. Sannan ta dubi matata a ƙasa. "Ki gode wa Allah da ya ba ki miji mai haƙuri. Wani da ya zage ki tun a hanya."