Abin da Ke Sukar Hanci

Badaru ya daɗe yana koyar da Ingilishi a Bangui, garin da harshen Sango da Faransanci suka ishi kowa. Bai ga ranar karatunsa ba sai da aka fara kashe mutane.

A farkon 2014, bayan mayaƙan anti-balaka sun kewaye unguwar Musulmi ta Kilomita Biyar, aka jera manyan motoci a Titin Koudoukou za su kwashe Musulmi zuwa iyakar Kamaru. Baturiyar da ke duba kaya ba ta jin Faransanci sosai, sai aka ɗauki Badaru tafinta. Da haka ya samar wa mahaifiyarsa, Inna Hureira, wuri a motar mata da yara.

Tsohuwar a Bangui aka haife ta, a nan ta binne mijinta. Sai da ya yi kwanaki yana lallashi kafin ta yarda. Ta fito ba akwati, sai buhu guda na yaji da daddawa, sana'arta tun tana amarya.

Baturiyar ta kwance bakin buhun, ta yi atishawa, ta ja baya. Ta ce akwai jarirai a ƙarƙashin tamfol, wannan kuwa ya cika "pungent".

Inna ta tambayi abin da aka ce. Badaru, da halin malanta bai sake shi ba ko a ranar gudu, ya bayyana mata cewa kalma ce ta abu mai yaji da ƙarfin ƙamshi, irin wanda ke hawa hanci ya sa hawaye, asalinta kuma daga suka ne, kamar da tsinke.

"Suka," in ji Inna. "Duk abin da ake sukar mutane da shi a garin nan, barkonona suka gani."

Ta zauna a kan buhun, ta ce inda bai je ba, ita ma ba ta zuwa. Fuskarta ta saki irin yadda bai gani ba tun da aka fara rikicin.

Direbobi sun fara tayar da injuna. Badaru ya koma wurin Baturiyar, ya zuba mata duk Ingilishin da ɗalibansa suka ƙi ɗauka. Ya ce za a ninka leda, a ɗaure buhun a bayan mota cikin iska. Ya ce matar nan ba ta da wani abu a duniya sai shi. Baturiyar ta duba agogo, ta ɗaga kai.

Ya dawo da murna. "Inna, ta yarda."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa.

"Wa ya aike ka?" ta ce a hankali.

Sai a lokacin ya gane ba buhun take karewa ba, dalilin zama take nema. Ta miƙe, ta ƙi hannun da ya miƙa mata, ta kama ƙarfen motar ta hau da kanta. Ta zauna cikin matan, ta ba unguwar baya, shi ma ta ba shi baya.