Bugu na Huɗu

Duk wanda ya ce besbol wasan masu sanyin jini ne, bai taɓa zuwa filin Kuluba ranar da 'yan Zango ke wasa ba. Filin ma ba fili ba ne na Allah da Annabi. Wurin da aka rushe gidaje ne, aka share tsakiyarsa da cebur, aka ja layi da toka, aka bar ɓaraguzan bulo tsibi-tsibi a gefe. A kansu 'yan kallo ke zama, kuma daga cikinsu suke zaɓen abin jifa idan rai ya ɓaci. A kakar dubu biyu da shida kaɗai an fasa kan alƙalan wasa biyu, an karya wa wani ɗan ƙungiyar Dapoya haƙarƙari.

Abdulƙudus ne mai rubuta sakamako, wanda suke kira markar. Tela ne, siririn mutum, ya ba arba'in baya, ga taurin kai kamar na jakin 'yan itace. Baƙon da ya fara kawo wasan garin shi ya koya masa aikin, kuma ya riƙe shi fiye da yadda ya riƙe ɗinkin da yake ci da shi. Kowace safiya bayan wasa sai ya jingina allo a ƙofar shagonsa a Zango, ya rubuta da alli wa ya ci, wa ya sha kashi, kowane ɗan wasa sau nawa ya tsaya bugu, sau nawa ya yi bugu mai kyau. Mutane kan tsaya da kofin shayi a hannu suna karantawa suna musu.

Aikin nasa bai tsaya ga ƙidaya ba. Idan mai sanda ya maka ƙwallo ya ruga ya kai tasha ta farko lafiya, markar ne ke yanke hukunci: gwanintar mai bugun ce, ko kuwa mai tsaron fili ne ya yi sakaci ya saki ƙwallon da ya kamata ya kama. Faranti biyu na kwano yake ajiyewa a teburinsa. Idan ya ɗaga kore, an rubuta wa mutum bugu mai kyau. Idan ya ɗaga ja, kuskuren mai tsaro ne, mai bugun ya sha banza amma ba a rubuta masa komai ba. Kuma doka ta hana markar yin magana da kowane ɓangare har sai an tashi wasa an sa hannu a takarda. Wannan dokar Abdulƙudus na ji da ita, don ita ce ke sa shi jin ya fi ƙarfin a taɓa shi.

A shekarar nan wata ƙaramar ƙungiya daga ƙasar waje ta aiko cewa za ta ɗauki mutum ɗaya, wanda ya fi kowa bugu a kakar, ta ba shi horo na wata shida, in ya yi kyau ta riƙe shi. Da aka zo ƙarshe, mutum biyu suka rage. Ɗaya Salfo na ƙungiyar Tampuy, wanda ya riga ya gama wasanninsa da bugu mai kyau ashirin cikin tsayawa hamsin da biyu. Ɗayan kuma Rashidu na Zango, makanikin babur ɗan shekara ashirin da biyu, mai bugu goma sha bakwai cikin tsayawa arba'in da shida, da sauran wasa ɗaya a gabansa. Rashidu ɗan Hajjo ne, yayar Abdulƙudus uwa ɗaya uba ɗaya.

To, mutanen Zango 'yan ƙwallon ƙafa ne tun kakanni, kuma da tunanin ƙwallon ƙafa suka shigo besbol. A wurinsu wanda ya fi zura ƙwallaye shi ne gwani, shi ke nan. Abdulƙudus ya sha gaya musu cewa nan ba yawan bugu ake dubawa ba, ana auna shi ne da yawan tsayawar da mutum ya yi. Sai Yahuza direba, shugaban magoya baya, mai wuya kamar turmi, ya ce masa, "Markar, riƙe lissafinka na makarantar lakkwal. Ashirin ashirin ce ko a Makka." Suka ƙulla a ransu cewa sai Rashidu ya kai ashirin da ɗaya, don in aka yi kunnen doki za a ba ɗan Tampuy. Shi ma Rashidun haka ya ɗauka, don ya fi sauraron Yahuza a kan kawunsa.

Ranar Lahadi bayan azahar aka fara wasa da Dapoya, rana na dukan ƙeya. Tun kafin a je ko'ina jini ya zuba. Mai jifan Dapoya ya sami wani ɗan Zango a gwiwar hannu, mai jifan Zango ya rama a haƙarƙarin na gaba, aka yi cakumar riga, wani ya fita da leɓe a fashe. Alƙalin wasa ya raba da ƙyar, aka ci gaba.

Rashidu kuwa ranar hannunsa na ƙaiƙayi. Tsayawa ta farko ya tsaga ƙwallo tsakanin masu tsaro biyu, kore. Ta biyu ya aika ta bayan ɓaraguzai har sai da aka tsaya nemanta, kore. Ta uku ya shimfiɗa ta a ƙasa ta wuce kamar maciji, kore. Abdulƙudus ya duƙa kan takarda ya yi lissafi a gefe da fensir. Ashirin cikin arba'in da tara. Ko da yaron ya sake tsayawa bai taɓa ƙwallon ba, ashirin cikin hamsin ta fi ashirin cikin hamsin da biyu. Rashidu ya riga ya wuce Salfo. Daɗi ya cika masa ciki har ya ji ƙwalla, ya tuna Hajjo da take tuyar ƙosai tun mutuwar mijinta. Amma ya haɗe fuska ya gyara zaman hularsa, bai ce da kowa uffan ba.

A zagaye na ƙarshe layi ya sake zuwa kan Rashidu. 'Yan kallo suka sauko daga kan bulo suka matso har bakin toka, Yahuza a gaba yana kaɗa jarka. Rashidu ya kai wa ƙwallo duka, amma bai same ta sosai ba. Ta tashi sama a hankali ta nufi wani dogon ɗan Dapoya, ta faɗa cikin safar hannunsa, ta sulale ta faɗi ƙasa. Ko tsohuwa mai tallan benga, dafaffen waken nan, da ta kama ƙwallon nan. Rashidu ya kai tasha, Zango ta ɗauka da ihu, idanu suka juyo kan teburin markar.

Abdulƙudus ya ɗaga jan faranti.

Ihun ya mutu. Yahuza ya ajiye jarka ya tako har gaban teburin, mutum kamar goma a bayansa.

"Markar, mi ka ɗaga?"

"Ka gani."

"Ban gani ba. Rana ta shiga mini ido. Sake ɗagawa."

"Erer ne, Yahuza, kuskuren mai tsaro. Koma bayan layi."

"Ɗan yayarka ne fa. Jininka."

"Sai an tashi wasa. Reglema ce, doka ta hana ni magana."

Nan ne Abdulƙudus ya yi wautar da har yau ba a manta da ita ba. Kalma huɗu ce a bakinsa, "ya riga ya wuce", da ya furta su da kowa ya koma mazauninsa. Amma ya ga idon jama'a a kansa, ya ga 'yan Dapoya na kallo, sai girman kai ya hau shi. Ya so a ce markar na Zango ko ɗansa bai raga wa ba. Ya ɗora tafin hannunsa na dama a kan takardar ya kau da kai.

Dutsen farko ba a kansa ya sauka ba. Dogon nan da ya saki ƙwallo ya yi dariya, rabin bulo ya same shi a kunne, ya zube. 'Yan Dapoya suka kwashi sanduna suka fito, 'yan Zango suka tare su a tsakiyar fili. Sanda na sauka a baya, a kafaɗa, a ƙwauri, ana jin ƙararta kamar ana bugun shinkafa. Alƙalin wasa ya busa usur sau ɗaya, wani ya tura masa shi cikin baki da naushi. Masu talla suka watse, tukunyar benga ta kife, wani ya taka garwashi ya ƙwalla ƙara. Wani saurayi ya zauna dirshan a ƙasa yana tare jinin goshinsa da hula, hular ta jiƙe ta fara ɗiga.

Sai a lokacin Abdulƙudus ya tuna abin da aka shelanta bayan rikicin baya: duk wasan da aka tashi saboda faɗa, za a soke shi da duk abin da aka rubuta a cikinsa. Ya miƙe ya buɗe baki ya ce, "Ku tsaya, ya riga ya..."

Yahuza ya kai masa gwiwar hannu a muƙamuƙi. Ya ji wani abu ya ɓalle a ƙasan kunnensa, bakinsa ya cika da jini da gutsuren haƙori. Ya faɗa kan teburin, amma bai saki takardar ba. Suka ja, ya riƙe. Suka yi ta dukansa a gadon baya, ya ƙara dannewa, don a ganinsa in takardar ta tsira wataƙila a iya ceton wani abu. Yana ɗago ido ya ga Rashidu ya ratso mutane da sanda a hannu, fuskarsa jage-jage da hawaye da majina.

"Kawu, saki takardar nan."

Ya yi ƙoƙarin magana. Muƙamuƙin ya ƙi motsi, jini kawai ya fito da kumfa. Ya girgiza kai, Rashidu ya ɗauka ƙi ne. Sandar ta sauka da irin ƙarfin da ta aika ƙwallo bayan ɓaraguzai. Ko teburin ya nufa, ko hannun, Allah ne masani. Teburin ya rabe biyu, yatsu uku suka lanƙwashe ta inda yatsu ba sa lanƙwasa. Yahuza ya fizge takardar ya yayyage ta ya watsa sama. Kafin motar polis ta iso, fili ya zama na waɗanda ba su iya gudu ba.

Ranar Laraba hukunci ya fito. An soke wasan. Rashidu ya koma goma sha bakwai cikin arba'in da shida, Salfo ne zai tafi.

Ranar Juma'a da hantsi Hajjo ta taso ɗanta a gaba har ɗakin ƙanenta. Abdulƙudus na kishingiɗe, an ɗaure masa haɓa da waya, hannun na cikin filasta har gwiwa, kuma likita ya ce da wuya yatsun su sake riƙe almakashi. Hajjo ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ga shi nan. In ka ga dama ka yafe, in ka ga dama ka tsine mishi, ni dai na gaji."

Rashidu ya durƙusa. Ya rame cikin kwana biyar. Ya ce, "Kawu, na yi laifi, ka yafe mini don Allah." Sannan abin da ke cin sa ya fito. "Amma da ka ba ni guda ɗayan nan, da yanzu ana yi mini fasfo. Guda ɗaya tak, Kawu."

Abdulƙudus ya daɗe yana kallonsa. Ya so ya bar shi da wannan tunanin, don ya fi sauƙin ɗauka. Amma haushi ya rinjayi tausayi. Ya yi magana ta tsakanin haƙora, kowace kalma na fita da zafi.

"Lokacin da na ɗaga ja, bugunka nawa?"

"Ashirin."

"Salfo fa?"

"Ashirin."

"Sau nawa ya tsaya?"

"Hamsin da biyu, haka ka rubuta a allo."

"Kai hamsin. Wanda ya sami ashirin a hamsin da wanda sai da ya kai hamsin da biyu, wa ya fi?"

Rashidu ya motsa leɓɓansa yana lissafi. Abdulƙudus ya ga lokacin da abin ya shige shi, don kafaɗunsa sun faɗi, ya dafa ƙasa da hannu biyu kamar za ta gudu ta bar shi. Hajjo ta ce, "Mi yake nufi? Ku yi mini Hausa."

"Tun yaushe?" in ji Rashidu, muryarsa can ƙasa.

"Tun bugu na uku."

"Ka sani ke nan. Lokacin da Yahuza ya zo gabanka, ka sani."

"Na sani."

"Ka sani, ka yi shiru."

Abdulƙudus ya buɗe baki iyakar yadda wayar ta bari. Ya kwana biyar yana shirya yadda zai kunyata yaron nan, amma wannan bai shirya mata amsa ba. Rashidu ya jira, ya ga ba abin da zai fito, ya tashi ya sa takalmansa ya fita bai yi sallama ba. Hajjo ta dubi ƙanenta, ya juya fuskarsa ga bango.