Khalida da Zanen Surukinta

Ranar da Hadil ta nuna wa uwarta hoton a waya, Khalida dariya ta yi har da riƙe ciki. Wai ga ƙaton namiji da gemu, ya ɗaura zane iya gwiwa, ya tsaya yana ta hura hanci.

"Wannan ne kayan bikinsu?"

"Shi ne, Ummi. Kilt suke ce masa. Duk mazan Sikotlan shi suke sawa ranar aure."

Hadil ita ce 'yar Khalida ta fari. A Makka aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Karatu ya kai ta Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, can ta haɗu da wani Bature da ya daɗe da musulunta, mai suna Hafiz. Mutanen unguwarsu ta Hindawiyya kuwa tun kafin su gan shi suka mayar da shi Hafizu. Zai zo ya yi Umra, a ɗaura aure. Lefe ya riga ya iso. To, a gidan su Khalida, tun can Kano, ba a karɓar lefe a bar ango haka, sai an ɗinka masa kaya. Ta ce ita ba jallabiya za ta ba shi ba, kowa jallabiya zai ba shi. Kayan garinsu za ta ɗinka masa da hannunta, ya san irin gidan da ya shigo.

"Ummi, wannan fa yana cin lokaci. Marra, sosai fa!"

"Zane ne fa! Ni da nake gama abaya kafin shayi ya huce? Kafin La'asar na gama."

Kayya, Khalida! Da ta sani da ta yi shiru.

Da Hadil ta karanta mata yawan yadin da ake bukata, ta ce waya ta yi kuskure, wannan ai labulen falo ne gaba ɗaya. Wayar ba ta yi kuskure ba. Aka sayo yadin ulu mai gidan dara, kore da shuɗi, mai nauyi kamar bargo. Sai ga inda aikin yake: bayan zanen duk ninki ne, ɗaya kan ɗaya, kuma kowane ninki sai ya faɗa daidai kan layi, in ba haka ba gidajen su watse. Ta ɗora a keke, keken ya tattare shi. Ta farke, ta ɗauki allura. La'asar ta zo ta wuce, ninki biyu ta yi, su ma a karkace.

Ga kuma wata sabuwa: babu awo.

"Bari in kira shi a bidiyo ki tambaye shi," in ji Hadil.

"A'uzu billahi! Ni in buɗe baki in tambayi surukina faɗin ƙugunsa? Ke kina da kunya kuwa?"

"To ni in tambaye shi."

"Ke da ba a ɗaura ba? Rufa min asiri!"

Saboda haka bala'in ya sauka kan mijinta Mukhtaru, direban tasi, mutum mai haƙuri da tumbi. Khalida ta kalli hoton surukin da gefen ido, don ko a hoto ba ta yarda su haɗa ido, ta kalli mijinta, ta yanke hukunci: tsawo dai yaron ya fi, amma ƙugu ai ƙugu ne. Kullum Mukhtaru ya dawo cin abincin rana sai a tsayar da shi tsakiyar ɗaki, a naɗa masa ulu a zafin Makka, yana gumi yana salati, fil na cin cinyarsa.

"Maman Hadil, in wani ya shigo ya gan ni haka, na bar unguwar nan."

"Tsaya sosai, Alhaji, ka karkata min layi."

Juma'a ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Abayoyin mutane suka taru a kusurwa. Yatsanta ya kumbura, bayanta ya ƙage, dutsen guga bai huce ba. Ta daina yi wa mazan Sikotlan dariya. Wani lokaci ta yi ninki ta ga ya zauna cak, gidajen sun haɗu, sai daɗi ya kama ta, ta kira Hadil ta zo ta gani. Amma tsoro na cin ranta, don ta riga ta shaida wa duk matan unguwa abin da take yi.

Ranar ɗaurin aure ta zo, zane bai ƙare ba. Ninkin ƙarshe-ƙarshe farin zare ne kawai ya riƙe su, ɗinkin wucin gadi, ga shi nan ɓaro-ɓaro. Bayan an ɗaura aure maza suka cika falo. Khalida ta ninke zanen ta tura ƙarƙashin matashi, idonta ya ciko.

"A ba shi jallabiya. Ba zan ba da rabin aiki a yi da ni ba."

"Wallahi sai ya gani!" in ji Mukhtaru. "Duk fil ɗin da na sha a banza?" Ya fizge ya fita.

Ta lallaɓa bayan labule, ta leƙa ta ɗan tsagi. Hafizu ya warware zanen. Ya juya bayan, ya bi ninkin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan farin zaren. Can ya yi magana da Larabcinsa mai nauyi. Ya ce kakarsa wannan ce sana'arta, ya tashi yana ganin farin zaren nan a cinyarta, ya san abin da ninki ɗaya yake ci. Ta yi wa mahaifinsa, ta yi wa yayyensa, ta rasu kafin ta zo kansa. Ya ce bai taɓa zaton akwai sauran wanda zai zauna masa wannan zaman ba.

Ya miƙe ya ɗaura shi a kan wandonsa, ya saki hannu. Zane ya zame sululu ya sauka ƙasa. Ashe ƙugu ba ƙugu ba ne! Falo ya ɗauki dariya, Mukhtaru ya fi kowa, yana shafa tumbinsa. Hafizu ya ɗago zanen ya rungume a ƙugu da hannu biyu, ya ce haka zai riƙe shi har a tashi, ba zai cire ba.

Nan Khalida ta kasa daurewa. Ta yaye labule ta fito, tef a wuya, fil a baki, a gaban maza duka. Hadil daga ciki ta dafe ƙirji. Khalida ta tsaya gaban surukinta, ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido, ta zare fil ɗin daga bakinta.

"Ɗana," ta ce, "ɗaga hannunka in auna ka."