Ɗan Baya Ya Haye Tafki

Telesphore Gauvreau ya rasu a ƙarshen hunturu, lokacin da ƙanƙarar tafki ta fara yin duhu, alamar ta kusa narkewa. Kafin ya cika, abu ɗaya ya roƙi matarsa Odile: a kai shi ƙauyensu da ke tsallaken tafkin, inda ya koyi wasan hoki na kan ƙanƙara, ya kwanta kusa da mahaifiyarsa. Babu hanyar mota zuwa can. In ƙanƙara ta fara narkewa, ba ta takuwa, kwalekwale kuma ba ya wucewa, sai a binne shi a nan garin masu haƙar azurfa.

Mai dokin da zai ja gawar ya je bakin tafki, ya buga ƙafa, ya girgiza kai. Ya ce ba za ta ɗauki doki ba.

Odile ta dawo gida ta zauna gaban akwatin gawar. Tana budurwa ta fara ganin Tel, kamar yadda ake kiransa, sa'ad da kamfanin haƙa ya ɗauko shi don wasa kawai, mutane suna ta gulma wai ƙato ya mai da wasan yara sana'a. Ɗan baya ne, mai tsare gida a fili. A zamaninsu mutum bakwai ke shiga fili, babu canji, wanda ya ji ciwo ya ɗaure ya ci gaba. Ita ke cusa masa tsofaffin jaridu cikin safa don kare ƙwauri. In an matsa musu, sai ya ɗaga faifan robar da ake bugawa da sanda ya cilla sama, ya ɓace cikin duhun rufi bayan fitilu, abokan hamayya suna ta ɗaga kai. Tel ya bi jirgin ƙasa gari gari, ya dawo babu haƙoran gaba, daga baya gwiwa ta zaunar da shi. Duk shekarun nan bai taɓa son zuwa gaba ya ci ba. Yakan ce, “Ni nawa in ga bayan kowa, in san ba a bar kowa ba.”

Da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hormidas ne, tsohon golansu, da sauran 'yan wasan da suka rage, duk sun yi furfura, kowa da igiya a kafaɗa.

“Uwargida, ina ƙaton naki? Mun zo ɗaukarsa.”

“Kai Hormidas, doki ma an ce zai nitse, balle kai da wannan tumbin?”

“Ai doki ba ya da hankali, wuri ɗaya yake tara nauyinsa. Mu bazuwa za mu yi, kowa ya tsaya inda ya saba tsayawa a fili.”

Fergus, wanda ya fi su gudu a da, ya ce, “A sa gola a can nesa. In ta fashe da shi, ai dama komai wuce shi yake yi.”

“Rufe mana baki, tsohon banza. Da ba don Tel ba, da tuni an kwashe ka a buhu.”

Suka ɗora akwatin a kan katakon da ake jan itace da shi a kan ƙanƙara, suka ɗaura dogayen igiyoyi. Fergus ya shige gaba yana caka ƙanƙara da sanda, biyu dama, ɗaya hagu, Hormidas can gefe yana haki. Sai suka tsaya. Igiyar baya, wadda ake riƙe katakon da ita kada ya kauce, tana yashe a ƙasa. Wurin Tel ne, babu wanda ya taɓa tsayawa a nan sai shi.

Odile ta sunkuya ta ɗauka, ta naɗe a hannu.

A tsakiyar tafki ƙanƙara ta yi ƙara, ruwa ya taso ya jiƙa mata takalmi, katakon ya fara karkata zuwa inda ya yi baƙi. Ta kafa dugadugai ta ja da baya, kamar yadda ta sha ganin yana yi, har ya miƙe.

“Haka nan, Uwargida!” in ji Hormidas. “Kada ki bar shi ya wuce ki!”

Daga nan baya ta ga abin da Tel ya yi ta gani: bayan kowa, kafaɗu sun ranƙwafa, igiyoyi a miƙe. Ta ƙirga su da ido, babu wanda ya ɓace.

Da suka taka ƙasa, ƙararrawar cocin ƙauyen tana bugawa. Mazan suka zube suna tari. Odile ba ta saki igiyar ba sai da fadan cocin ya zo ya kwance ta daga hannunta a hankali.