Gayyar Jinyar Malam Datti

Tun damunar da aka sami 'yancin kai ɓarin jikin Malam Datti ya shanye, kuma tun daga ranar matarsa Uwaliya ba ta ƙara taka ƙofar gida ba. Ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, ita ce wanka da wanki, ita ce ba shi kunu a baki. Malam kuwa ba ƙaramin mutum ba ne, ko bayan ciwo ya ci shi. 'Ya'yansu maza biyu suna can Legas neman abinci, sai dai saƙon gaisuwa.

Kada a ce mutanen Kudan ba su da kirki. Manoman da suka yi karatu a zaurensa, yanzu duk magidanta, kowace shekara sai sun yi masa gayya sun nome gonar rakensa. Mata kuma ba sa fashin dubiya. Su shigo su ce, "Yaya mai jiki?" Uwaliya ta ce, "Da sauƙi." Su ce, "Allah ya ƙara sauƙi," su yafa mayafi su fita. To me za ta ce? Haka aka tarar ana amsawa, ko da mai jikin yana bakin kabari. Ni dai haushin wannan amsa nake ji har gobe, don ita ta kusa karya bayan baiwar Allah.

Ana nan sai labari ya zo daga Gubuchi cewa Mairo, 'yarta ta fari, ta sauka. Bisa al'ada gida ya kamata ta zo goyon ciki, amma gidan da hannu ɗaya ke jinya wa zai dafa mata ruwa? Can ɗin ma uwar mijin ta rasu, babu babbar macen da za ta tsaya mata wankan jego. Uwaliya ta kasa tafiya, ta kasa zama. Kunyar 'yar fari kuma ta hana ta ko ambaton sunanta, balle ta yi kuka a gaban mutane.

Washegari da hantsi maƙwabciyarta Hussaina ta shigo, ta same ta durƙushe tana neman miƙewa da ƙwaryar wanki, bayanta ya ƙi miƙuwa.

"Sannu Yaya. Yaya mai jiki?"

Uwaliya ta dire ƙwaryar. "Babu sauƙi, Hussaina! Babu! Shi babu, ni babu. Yarinyar can tana kwance da ɗanyen jiki ba mai ɗora mata ruwa, ni ina nan ko juya shi na kasa. Kullum sauƙi, sauƙi, ina kika gan shi?"

Hussaina ta yi tsaye baki buɗe, kamar an ce mata sallah ta koma raka'a ɗaya. Ta fita ba sallama. Uwaliya ta zauna ta rufe fuska, ta ce shi ke nan, ta zubar da mutuncin gidan malamai.

Bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Maiwada ne, mijin Hussaina, wanda ke kiran gayya a unguwar, da wasu tsofaffin ɗaliban Malam. Daga bayan labule ya gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "Inna, mun yi laifi. Muna nome gona mun bar mai gonar a wuyanki. Tunda kike cewa da sauƙi, mu kuma sai muka ɗauka."

"To da me zan ce, Maiwada?"

"Abin da kika faɗa yau."

Da yake gidan ba a shiga, suka share ɗakin da ke jikin zaure suka mai da Malam can. Suka raba aikin kamar kunya-kunya a gona: wannan wanka, wancan juyi, matansu kuma kunu da wanki. Malam Tukur na ɗakin shan magani ya zo a kan kekensa, ya nuna musu yadda mutum biyu ke juya majinyaci da gwado don kada bayansa ya yi gyambo. Uwaliya tana leƙe tana cewa ba haka yake son filo ba.

Abin da ya rage shi ne izinin Malam na tafiyarta Gubuchi. Ta durƙusa gabansa tana tsoron ko zai ji nauyin ɗalibansa su ga tsiraicinsa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Je ki. Ni na koya musu wankan gawa. Na mai rai ba zai gagare su ba."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ba wanda ya hana ta.

Motar da ke ɗaukar mazarƙwaila ce ta rage mata hanya. A Gubuchi ta shiga ɗakin mai jego ta ɗauke kai, ba ta ko kalli Mairo sosai ba, sai faɗa ta kama yi a kan itacen da aka tara, wai ɗanye ne. Amma ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta tsinko ganyen wanka.

Mairo ta leƙo daga ƙofa da jaririn a kafaɗa. "Inna, yaya jikin Baba?"

Uwaliya ta buɗe baki, sai ta tsaya ta auna maganar tukuna.

"Da sauƙi," ta ce. "Wannan karon da gaske nake."